Ƙafar da nake kira ta lafiya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙafata ta hagu tana kumbure, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa kiran ta dama da wani suna ba sai ƙafar lafiya. Haka mutanen gidanmu a Ƙofar Marusa suke kiranta, haka abokan aikina a makarantar da nake koyarwa suke kiranta, kuma duk ma'aikacin jinyar da ya taɓa ɗora tef ya auna ta hagu, sai ya auna ta dama ya ce ga yadda ya kamata ta kasance. Kumburin ya fara ne daga idon sawu ina ɗauke da cikin fari, kowa ya ce mini da zarar na sauka zai sace. Na haihu lafiya, na gama wankan jego, ƙafa ba ta koma yadda take ba. A shekarun farko nakan tashi da safe in tarar ta ragu, sai bayan la'asar ta sake cika, amma daga baya ko na kwana da ita a kan matashi biyu ba ta raguwa, fatar ta yi kauri, yatsun suka yi ƙirar murabba'i, har ta kai sai baduku ne yake yi mini takalmi, na hagu daban, na dama daban.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa yarda cewa ciwon asibiti ba ne. Takan ce, "Ɗiyata, wannan wani abu ne kika taka, haka aka yi wa ƙanwar kakarki a Daura." Saboda biyayya da kuma gajiya na yarda aka kira wanzami ya yi tsaga a ƙwauri ya kafa ƙaho, kuma kwana uku bayan haka zazzaɓi mai karkarwa ya rufe ni, ƙafar ta yi ja da zafi kamar an kara ta a murhu, kaluluwa ta fito a matsematsi, na yi kwana biyar a gadon asibiti ana yi mini allurai ta jijiya. Kafin wannan kuma na shafe kusan shekara biyu ina shan ƙwayar sa fitsari da wani mai kemis ya ɗora ni a kai, wadda ba ta rage komai ba sai ƙarfin jikina. Na kawo waɗannan ne domin mai karatu ya san irin halin da ƙafar ta shiga kafin in haɗu da likitan da ya fara kiran ciwon da sunansa.

Likitan tiyata ne a nan Katsina. Ya sa na cire safa ta ƙafa biyu, ya danna ƙwauri da babban yatsansa ya ga ko zai lotsa, sannan ya yi ƙoƙarin tsunkular fatar gindin yatsa na biyu ya ɗaga ta. A hagu fatar ta ƙi kamuwa sam, a dama kuwa ta ɗagu ba wahala. Ya ce wannan ita ce alamar Stemmer, kuma idan fata ta ƙi ɗaguwa a wurin nan, to ana kyautata zaton ruwan limfa ne ya taru. Ya yi mini bayani cewa ban da jijiyoyin jini akwai waɗansu siraran magudanai a ƙarƙashin fata da suke kwashe ruwan da ke tsattsafowa daga jini tare da furotin da ƙwayoyin cuta, su bi da shi ta cikin kaluluwai a tace, sannan su zuba shi cikin manyan jijiyoyi kusa da wuya. Idan magudanan nan suka toshe, ko aka haifi mutum da su kaɗan, sai ruwan ya kwanta a gaɓar, shi ne ciwon da likitoci ke kira limfedima, wanda idan ya tsananta mu muke ce wa tundurmi. Ya ƙara da cewa ƙwayar sa fitsari ruwa kawai take ja ta bar furotin a wurin, shi ya sa ba ta yi mini amfani ba.

Gwaje-gwajen farko duk a Katsina aka yi su. An duba ƙoda da hanta da zuciya, aka tarar lafiya lau, aka yi sikanin Dofla na jijiyoyin ƙafa ba a ga gudan jini ba. Saboda tundurmi a ƙasarmu yawanci tsutsar filariya ce ke kawo shi, wadda sauro ke yaɗawa, kuma 'ya'yanta ba sa yawaita a cikin jinin da ke zagaya fata sai tsakanin ƙarfe 10 na dare zuwa 2, sai da maigidana ya kai ni ɗakin gwaji da dare aka ɗebi jini, aka kuma yi wani gwajin na tsinke. Duka biyun ba su nuna komai ba, kodayake likita ya ce a tsohon kumburi rashin ganin tsutsar ba ya wanke ta gaba ɗaya. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne shekarun da ciwon ya fara, da labarin ƙanwar kakata, da kuma cewa ban taɓa yin tiyata ko gashin cutar kansa ba. Ya ce yana zaton irin na halitta ne, wanda ya fi kama mata, kuma yakan ɓoye har sai balaga ko ciki ko rauni ya tono shi. Domin a tabbatar, ya rubuta mini takarda in je a yi hoton magudanan, wanda ake kira limfosintigirafi.

Wannan hoto ba a yin sa sai inda akwai sashen likitancin nukiliya, kuma waɗanda aka fi sani a ƙasar nan suna Ibadan da Abuja. Da muka buga waya aka bayyana mana cewa ba kowace rana ake yi ba, domin sinadarin da ake amfani da shi, teknishiyam-99m, ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan awa 6, kuma ana tatsarsa ne daga wani sinadarin da ake shigowa da shi daga waje, wanda shi ma rabinsa ke tafiya cikin awa 66. Saboda haka ana tara marasa lafiya ne a ba su rana daidai da isowar kayan. Na ɗauki kwasata ta adashin malamai, Yaya ya cika mini, na nemi izinin kwana huɗu a makaranta. Mun tashi daga Katsina bayan sallar asuba ta Malumfashi da Funtuwa da Zariya, kuma da muka isa Kaduna sai muka shiga jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, ba don komai ba sai don in sami damar miƙewa in taka, domin zaman mota na awanni ya riga ya sa ƙafar ta yi tauri kamar turmi.

Washegari da safe aka karɓi takarduna, aka tambaye ni ranar da na ga al'ada ta ƙarshe da kuma ko ina shayarwa, aka yi gwajin ciki, sannan aka sa na sa hannu a takardar amincewa. An gaya mini cewa tururin nukiliyar da zai shiga jikina kaɗan ne, bai kai na hoton siti sikan ba, kuma ba sai na yi azumin abinci ba. Ma'aikaciyar da za ta yi mini allurar 'yar Zariya ce, mai sanyin magana. Ta sa na kwanta a kan wani siririn gado, ta goge tsakanin babban yatsa da mai bi masa a ƙafar hagu, sai na ga ta ɗauki wata audugar ta nufi ta dama, ga kuma sirinji biyu a cikin ɗan akwatin dalma. Na janye ƙafar da sauri na ce mata, "Malama, ta hagun ce mai ciwo, wannan lafiyarta ƙalau, kada a taɓa mini ita." Tsoro ne ya sa na faɗi haka, domin tun daga tsagar wanzami nake gudun duk abin da zai huda mini fata, kuma ita ce ƙafar da nake dogara da ita in tsaya gaban allo. Ta ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ƙa'idar aikin ke nan, ƙafa biyu ake yi wa a lokaci guda, domin likita ya ga tafiyar ruwan a kowace, ya gwada su. Allurar ƙarama ce ƙwarai, kuma na tsabtace wurin." Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na miƙa mata ƙafar.

Allurar tana da raɗaɗi, irin na harbin rina, amma bai wuce minti guda ba ya lafa. Ruwan da aka sa bai fi ɗigo kaɗan ba, ya yi ɗan tudu a ƙarƙashin fata. Daga nan aka sauko da wani faffaɗan faranti kusa da jikina, wanda suke kira kyamarar gama, ya riƙa tafiya a hankali daga yatsu zuwa ciki. Ita kyamarar ba ta fitar da komai, tana karɓar hasken da sinadarin ke fitarwa daga cikin jiki ne kawai, kuma aikina shi ne kada in motsa. Bayan hoton farko aka ce in tashi in yi ta zagaya farfajiya na kusan rabin awa, saboda motsin tsokar ƙafa shi ne ke tura ruwan limfa sama. Na dawo aka sake ɗauka, aka ce in jira, aka kuma ɗauka bayan awa biyu da wani abu. Na yi sallar azahar a can, kuma sai kusan la'asar aka sallame mu, aka ce in sha ruwa da yawa, in dawo jibi.

Likitan da ya karanta hoton dattijo ne, bai yi gaggawa ba. Ya juyo da fuskar kwamfutar wajenmu ni da maigidana, sai na ga inuwar jikin mutum daga ƙugu zuwa ƙasa, fara, da baƙaƙen ɗigo biyu a wurin allurar. Ya fara gaya mana yadda hoton mai lafiya yake: siririn layi yana hawa ta gefen ciki na ƙwauri da cinya, cikin ƙasa da awa guda kaluluwan matsematsi su bayyana baƙi ƙirin kamar carbi, daga baya kuma hanta ta nuna alama, wadda ke tabbatar da cewa ruwan ya isa cikin jini. A ƙafata ta hagu babu layi ko ɗaya. Sinadarin ya bazu ne a cikin fata daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa kamar hazo, ya yi siffar safa, kuma ko a hoton ƙarshe da ƙyar ake hango kaluluwa ɗaya a matsematsi. Ya ce ruwan ne yake komawa da baya cikin fata saboda bai sami hanya ba. Wannan bai ba ni mamaki ba, abin da na zo ji ke nan.

Sai ya matsar da alƙalaminsa zuwa ɗaya gefen ya ce, "Malama, yanzu ki dubi ta dama, domin ita ce ta sa na ce ki zauna." A daman akwai layi, amma siriri ne, yana yankewa a tsakiyar cinya. A hoton da aka ɗauka bayan na yi tafiya, lokacin da ya kamata kaluluwai su cika, babu komai a matsematsi, sai a na ƙarshe suka fito, guda biyu, dushi-dushi. Ya kuma nuna mini wani ɗigo a bayan gwiwa, ya ce wannan kaluluwar ba a cika ganinta ba idan an yi allura tsakanin yatsu, domin ruwan fata hanyar sama yake bi, ganinta yana nufin ruwan ya karkata zuwa magudanan da ke can cikin tsoka saboda na saman sun gaza. Na ce masa, "Likita, amma ba ta taɓa kumbura ba, ko sau ɗaya." Ya ce ya yarda, kuma shi ya sa ake kiran wannan hali mataki na sifiri a cikin matakan ciwon, waɗanda suke tafiya daga 0 zuwa 3: magudanan sun raunana, amma har yanzu suna iya kwashe abin da ake zuba musu, don haka ido ba ya ganin komai, tef ma ba ya gani.

Na tambaye shi ko ciwon ne ya tsallaka daga hagu zuwa dama, domin abin da ya fara zuwa zuciyata ke nan. Ya ce ba ya tsallakawa kamar yadda ƙurji ke yaɗuwa. A irin nawa, tun asali haka aka halicci magudanan ƙafafun biyu, sai dai ɗaya ta fi rauni, cikin fari ya ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, tsaga da ciwon fatar da ya biyo baya suka ƙarasa abin da ya rage. Ya ce abin ba baƙo ba ne ga masu karanta irin wannan hoto, sukan tarar da tawaya a ƙafar da ba ta kumbura ba, kuma an ga makamancin haka a hannun da bai kumbura ba na matan da aka yi wa tiyatar kansar mama, an kuma gan shi a jikin masu ɗauke da tsutsar filariya tun kafin wata gaɓa ta motsa. Ya jawo hankalina ga wani abu da ban taɓa tunani ba: idan an ɗauki ƙafar dama a matsayin ma'auni alhali ita ma tana da tawaya, to za a raina girman matsalar ta hagu, kuma ranar da ta dama ta fara cika, bambancin da ke tsakaninsu zai ragu, mai awo ya ɗauka sauƙi ake samu. Da na tambaye shi kai tsaye ko za ta kumbura, ya ce hoton ba ya yanke wannan hukunci, akwai masu zama a mataki na sifiri shekara da shekaru, akwai waɗanda ba sa wuce shi har ƙarshen rayuwarsu, kuma abin da ya fi tura mutum gaba shi ne ciwon fata, da rauni, da ƙiba, da dogon zama ko tsayuwa ba motsi. Ya ambaci wani hoton da ake yi da koren rini da kyamara ta musamman, wanda ke nuna magudanan da ke dab da fata a lokacin da suke aiki, da kuma na na'urar em'ar'ai (MRI), ya ce masu shirin tiyatar haɗa magudanai da jijiyoyi ne suka fi bukatarsu, ni a yanzu abin da muka gani ya wadatar.

A jirgin dawowa na yi kuka, kuma ban ɓoye wa maigidana ba. Shekara goma sha ɗaya ina lallaɓa ƙafa ɗaya ina azabtar da ɗaya: a kanta nake tsayuwa darasi bayan darasi, ita nake bari da faso duk hunturu ba tare da na shafa mata ko man kaɗanya ba, da ita nake taka tsakar gida ba takalmi, kuma akwai cin ruwa tsakanin ƙananan yatsunta da ya daɗe ban kula shi ba saboda a ganina ƙafar lafiya ce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce da ƙwayar cuta za ta iya shiga.

Da na mayar wa likitana na Katsina da sakamakon, ya tura ni sashen gashi da motsa jiki, inda aka yi makonni ana naɗe ta hagu da bandeji hawa-hawa daga yatsu zuwa cinya, ana yi mata tausa mai taushi da ke kora ruwa sama, har ta ragu aka auna mini safar matsi. Na tambayi malaminmu na Islamiyya game da alwala a kwanakin bandeji, ya ce shafa a kan jabira, wato abin da aka naɗe ciwo da shi, ya halatta. Ita kuwa ta dama ba a naɗe ta ba, amma ta shiga cikin tsarin kulawa daidai da 'yar'uwarta. Kowane dare ina wanke su biyun da sabulu da ruwa mai tsabta, in duba tsakanin yatsu da fitilar waya, in shafa mai. Na yi maganin cin ruwan da man da aka rubuta mini har ya warke. Abin da ya fi yi mini wuyar sabawa shi ne tsane tsakanin yatsu bayan kowace alwala, sau biyar a yini, don haka na ajiye ƙaramin tawul a jakata da wani kusa da buta. Na daina yanke farce da reza, na daina lallen da ake haɗawa da sinadarin baƙi, nakan zagaya cikin aji maimakon in kafe a wuri ɗaya, kuma idan zan yi doguwar tafiya nakan sa wa ta dama safa mai sassaucin matsi. An kuma gargaɗe ni cewa duk ranar da na ga ja da zafi da zazzaɓi a kowace ƙafa, in tafi asibiti a ranar, kada in jira gari ya waye.

A ganina ba kowane mai kumburin ƙafa ɗaya ne zai iya zuwa Abuja ko Ibadan ba, kuma yawancin masu tundurmi a ƙauyukanmu, inda ake rabon magungunan tsutsar filariya, Mectizan da albendazol, ba za su taɓa kwanciya ƙarƙashin wannan kyamara ba. Abin da nake roƙon ma'aikatan lafiyarmu shi ne idan mutum ya zo da ƙafa ɗaya a kumbure, a sa ya cire takalmi biyu, a duba yatsun biyun, a rubuta awon kowace ƙafa da kanta, kuma a koya masa wanki da tsanewa na ƙafa biyu, domin sabulu da tawul ba su fi ƙarfin kowa ba. Wanda kuma Allah ya hore masa aka tura shi hoton, kada ya janye ƙafa kamar yadda na so in yi, kuma ya roƙi likita ya karanta masa gefen da bai kumbura ba da irin natsuwar da ya karanta mai ciwon.

Inna ta daɗe tana kallon takardar hoton da na kai mata. Na nuna mata hazon hagu da siririn layin dama, na gaya mata abin da likita ya ce game da gado. Ta yi shiru, sannan ta ce ta tuna ƙanwar kakata ma da ƙafa ɗaya ta fara, sai bayan ta tsufa, ƙaya ta soke ta a gona, ɗayar ta bi. Ba ta taɓa gaya mini wannan ba sai ran nan. Tun daga lokacin ita ce take tambayata ko na duba ƙafafun 'yata ta fari, wadda ta fara girma, kuma likita ya ce ba a bukatar yi mata hoto matuƙar babu alama, sai dai a sa ido.

Yanzu ina da littafi da nake rubuta awo a ranar ɗaya ga kowane wata da safe, a wuri huɗu: tsakiyar tafin ƙafa, da idon sawu, da inda ƙwauri ya fi kauri, da saman gwiwa, shafi ɗaya na hagu, shafi ɗaya na dama. Wata tara ke nan lambobin dama ba su motsa ba, in ban da watan Afrilu da zafi ya tsananta, idon sawu ya ƙaru da rabin santimita, ya kuma koma bayan na yi mako ina ɗaga ta da dare. Fatar gindin yatsa na biyu har yanzu tana ɗaguwa idan na tsunkule ta. Makon jiya na je wurin baduku yin sabon takalmi, ya ɗauko tsohon awona zai yi na dama matsattse kamar yadda ya saba, na ce masa ya yi su duka biyun rufaffu, masu taushin ciki, da maɗaurin da ake iya sassautawa.